Daminar da Rigar Waya Ta Yaudare Mu

Kwanakin baya wani saurayi ya tsaya a bakin shagona a nan Dutse, ya same ni ina cusa waya cikin moton injin niƙa. Ya ɗan kalla, ya ce, "Baba, ai wannan aikin na gan shi a wayar hannu. Ƙirga zagaye ne kawai, a cire tsohuwa a sa sabuwa." Na ce masa haka ne. Ban ja da shi ba, don duk wanda ya kalli naɗin koyil daga bakin ƙofa abin da zai gani ke nan. Amma tunda ku masu zuwa koyo yanzu kusan duk da wannan tunanin kuke shigowa, bari in gaya muku abin da ke cikin aikin.

Jan ƙarfe ba ya ba kowa wahala. Ka ba shi wuta, ya kai ta inda ka ce. Wahalar tana ga abubuwan da aka sa su hana wuta wucewa: siririn fentin nan da ke jikin waya, wanda muke kira rigar waya, da takardar da ake shimfiɗawa a ramukan ƙarfen moto, da banish ɗin da ake tsoma naɗin a ciki a gasa. Waya ɗari na kwance kafaɗa da kafaɗa, abin da ya raba su bai kai kaurin fatar albasa ba. Ran da wannan abin ya gaza, ranar inji ya ƙone. Wani lokacin ma ba injin kaɗai ba.

Sunana Isyaku. A Kano na koyi aiki, a wurin marigayi Malam Garba, tun Dutse ba ta zama babban birnin jiha ba. Mutum ne da ba ya yarda da komai sai ya gwada, kuma ko ya gwada sai ya sake. Na daɗe a wurinsa ina ƙona tsohon naɗi ina kankare ramuka kafin ya bar ni in taɓa sabuwar waya.

Wata rana aka kawo masa wata doguwar wayar ƙarƙashin ƙasa, mai kaurin damtse, ya duba ko tana da lafiya. Ya haɗa ta da mega. Mega wani akwati ne mai hannu da ake juyawa, yana tura wuta mai ƙarfi cikin abu, allurarsa ta nuna ko wutar tana tsiyaya ta inda bai kamata ba. Da ya gama, ya ba ni sukundireba ya ce in taɓa bakin wayar da ƙarfen jikinta. Na taɓa, ta yi ƙara fat, da tartsatsi.

Ya ce, "Ta huce?"

Na ce, "Ta huce, Malam."

Ya ce, "To mu je mu yi azahar."

Da muka dawo ya sake miƙo mini sukundireban. Wayar nan tana kwance a ƙasa, ba a haɗe take da komai ba, ni da hannuna na zubar da wutar cikinta. Na taɓa, sai ta sake yin tartsatsi. Ƙarami ne, amma na gan shi. Na ja baya har na taka kwanon banish.

Ya ce, "Daga ina ta zo?"

Na ce ban sani ba.

Ya ce, "Ni ma ban sani ba. Amma ba a jan ƙarfen ta ɓuya ba, a robar ta ɓuya. Robar nan da kake gani kamar matacciya, ba matacciya ba ce. Tana sha, tana ajiyewa, tana amayarwa a hankali. Kada ka taɓa yarda da ita."

Shi ne ya koya mini cewa ba a karanta mega da kallon farko. Ka riƙa juya hannun, ka zuba wa allura ido. In rigar tana da lafiya, allurar za ta riƙa hawa a hankali kamar mai hawan dutse da kaya. In ta tashi ta tsaya wuri guda ta ƙi gaba, akwai danshi ko datti a ciki, ko da lambar da ta nuna ta yi maka kyau. Megar da ke kan bencin nan tasa ce. Sauran kayan aikina ba su da yawa: katakon naɗi, filaya, gudumar roba, tsinken gora na tura waya don ƙarfe yana yage riga, da durom ɗin da na jera ƙwan lantarki a ciki nake gasa aiki. Sai hanci. Moton da nauyi ya ƙona warinsa daban, wanda ruwa ya shiga warinsa daban.

Moton farko da Alhaji Sule ya kawo mini, a bayan a-kori-kura ya zo da shi daga Kiyawa. Yana da injin niƙa a bakin kasuwar can, kuma kusan duk garin da ake tuƙawa a unguwarsu ta injinsa yake bi. Kafin a sauke moton ya ce, "Malam Isyaku, wayata da ta ƙone za ka zuba mini ita a buhu." Na ce to. Ya ɗauko ƙusa ya yi zane a jikin moton, ya yi wani a murfi, wai kada a musanya masa. Ban ji haushi ba. A wannan sana'a abin da ka yi yana rufe cikin ƙarfe, mai kaya ba ya gani, saboda haka kullum zargi na zaune a kan benci tare da kai. Wani yana ganin ka sa siririyar waya, wani yana ganin ka rage zagaye ka sayar da ragowar. Kuma akwai masu yin hakan, ba ƙarya ba ne. Alhaji Sule ya shekara da shekaru yana kawo mini aiki, bai taɓa barin buhunsa ba, ni kuma a lokacin aikin da na yi masa bai taɓa dawo mini ba.

Waya kuwa a wurin Alhaji Uba nake saye. Yana da shagon kayan wuta a nan cikin gari, daga Kano yake ɗauko kaya, kuma tun ina saurayi muke tare. A shekarar da zan ba ku labari, kaya sun yi tsada, irin wayar da muka saba da ita ta ɓace a kasuwa. Sai ya zo mini da wata sabuwa a kan babur ɗinsa, ya ce, "Ga wadda ake yayi yanzu. Duba ka gani." Na duba. Na kankare ta, jan ƙarfe ne har ciki, ba alminiyam aka shafa wa launi ba. Na auna kaurinta, daidai. Rigar tana ƙyalli kamar zuma. Na naɗa fanka guda da ita na bar ta tana juyawa a shago, ba ta ko yi ɗumi ba. Duk abin da na naɗa da ita a ranin nan na sa masa mega, allura ta hau yadda ake so. Da ita na yi moton Alhaji Sule, da injinan jan ruwa na gidaje, da wani na Taura, da na wata makarantar Islamiyya a Jahun.

Ruwa ya sauka, ƙasa ta jiƙa, gero ya fara kai gwiwa. Sai ga a-kori-kura a ƙofar shagona. Moton Alhaji Sule ne, baƙi ƙirin, ana jin warinsa tun kafin a sauke.

Na ce, "Alhaji, kun ɗora masa nauyi ne? Ko wuta ce ta zo ba ƙarfi kuka tayar?"

Ya ce, "Yadda nake tayar da shi shekara da shekaru haka na tayar."

Na buɗe. Ba ƙunar nauyi ba ce, don ita takan gasa naɗin gaba ɗaya. Wannan wuri guda ta huda, kamar an soka masa jan garwashi. Na ce a raina ruwa ne ya zubo masa ta rufi, don rumfar injin nasa ta tsohon kwano ce. Na sake naɗa masa, da wayar nan dai.

Kafin ya zo ɗauka, na Taura ya dawo. Bayansa na wani gida a nan Dutse. Duk ƙuna iri ɗaya. Na fara zargin kowa. Na zargi wutar gari, amma na Taura da janareta yake aiki. Na zargi banish, na zubar da wanda nake da shi na sayo wani. Na zargi takarda. Har na riƙa kallon wani abokin sana'a da ya buɗe shago kusa da ni, ina tunanin ko yana bi yana zuga mutane su ɓata aikina. Ita wayar na sake gwada ta a kan ƙullinta, mega ba ta ce komai ba.

Ni ina zargin kaya, gari kuma ni yake zargi. Magana ta fara yawo cewa Isyaku tsohuwar waya yake wankewa ya shafa mata banish ya naɗa wa mutane. Masu kawo fanka suka ɗauke ƙafa. A masallaci ana amsa gaisuwata, amma a gajarce.

Injin Jahun ne ya tsayar da ni. Malam Hudu, mai makarantar, da kansa ya zo, dattijo mai sanyin magana. Bai zo da injin ba. Ya yi sallama, ya zauna a kan benci, muka gaisa har da tambayar iyali. Sannan ya ce, "Malam Isyaku, jiya 'yan mata suna alwalar la'asar a famfon makaranta, wuta ta ja ɗaya ta yar da ita. Jikata ce. Allah ya kiyaye, ta tashi, tafin hannunta ne ya ƙone. Da ta riƙe bututun da hannu biyu, da yau wata maganar muke yi."



Ya ce, "Ban zo faɗa ba. Na ji abin da ake faɗa a kanka, ban ɗauka ba, ban kuma yar ba. Tambaya ɗaya na zo da ita. Inji nawa irin wannan ke hannun mutane?"

Yana fita na rufe shago na hau babur. Na bi gida gida, duk wanda na naɗa wa wani abu tun farkon rani, na ce ya kashe, ya cire daga wuta, kada a taɓa sai na neme shi. Na san abin da wannan zai jawo. Wani maigida ya dube ni ya ce, "Ashe dai ka san abin da ka sa a ciki." A Kiyawa kuwa Alhaji Sule a gaban mata masu jiran niƙa ya ce, "Kun ji ko? Da bakinsa ya zo ya faɗa." Ya ce zai kai ƙarata wurin mai unguwarmu, kuma in ba a yi masa maganin abin ba zai wuce gaba. Injinsa ya tsaya, matan suka kwashi hatsinsu suka nufi wani wuri. Asararsa ta gaske ce, ban ga laifinsa ba.

Cikin waɗanda na bi akwai wata Malama Binta, mai koyar da ilmin fiziks a jami'a. Injin da ke ɗora ruwa a tankin gidanta ni na naɗa. Washegari ta sa aka kawo shi shago, ta biyo shi. Ba ta zauna ba.

Ta ce, "Baba, a gabana nake so a buɗe."

Na buɗe. Bai ƙone ba tukuna. Na sa masa mega, allura ta ɗan tashi ta tsaya cak a ƙasa. Wannan injin da hannuna na gwada shi da rani, allura ta hau har ƙarshe.

Ta ce, "Me ya sa kake ta juyawa? Ai ta riga ta nuna."

Na gaya mata yadda Malam Garba ya koya mini, da labarin wayar da ta sake yin tartsatsi bayan an zubar da wutarta. Sai na ga ta jawo benci ta zauna. Ta ce abin da take bincike a kai ke nan, abubuwan da ba sa ba wuta hanya.

Na ce, "Malama, to me ake bincike a abin da ba ya yin komai?"

Ta ce, "Ai maigidanka ya gaya maka, ba matattu ba ne. Ƙwayoyin da ke ɗaukar wuta suna cikin komai. A jan ƙarfe sakakku ne, suna yawo yadda suka ga dama. A roba ko rigar waya a ɗaure suke, kamar awaki a turke. Amma ka taɓa ganin akuya a turke ta tsaya cik? Tana zagayawa iyakar igiyarta. Mu tsawon igiyar muke son sani, da fasalin filin da take zagayawa. In ka ja layi a tsakiyar garken ka ce za ka ƙirga na dama, lissafin ba zai zauna ba, don na bakin layi suna leƙawa can suna dawowa. Kuma igiyoyin a sarƙe suke, ba ka iya ba da labarin ɗaya ba tare da na maƙwabciyarta ba."

Na dube ta. Na ɗauka irin maganar 'yan boko ce da ake yi wa mutum don a rufe masa baki. Na ce, "To awakin ne suke ƙona mini injina?"

Ta yi dariya, ta ce, "A'a. Wannan motsin yana nan ko a riga mafi kyau a duniya, kuma bai isa ya ƙona komai ba. Abin da allurarka ke nunawa ma ɗan'uwansa ne na nesa. Naka ba leƙe ba ne, Baba. Wani wuri katangar ce ta tsage." Sai ta daina dariyar. "Kuma ban sani ba ko wayar ce ta zo da tsagar, ko hannunka ne. In hannunka ne, zan faɗa."

Na ce na yarda.

Ta sa aka kawo robar wanki, aka cika da ruwa, aka zuba gishiri. Muka aro batiran mota. Ta ce a warware waya daga ƙullin a nutsa tsakiyarta a ruwan, bakunan biyu suna waje. Baki ɗaya aka haɗa da batir, ɗaya gefen batir ɗin kuma aka haɗa da wani falle na ƙarfe a cikin ruwan. Ta ce duk inda rigar ke da huda, komai ƙanƙantarta, ruwan gishiri zai taɓa jan ƙarfe, kuma za mu ga kumfa na fita daga wurin.

Muka durƙusa muna kallo. Ruwa ya tsaya kamar madubi. Muka canja wani tsawon, haka. Muka ɗauko wani ƙullin, haka. Ta ɗago ta dube ni, kuma na san irin kallon, don shi nake gani a gari.

Ta ce, "Wayar lafiyarta lau."

Na zauna ina kallon wayar a miƙe cikin ruwa. Can na ce, "Malama, ai ba a miƙe take shiga inji ba."

Na yanko wani tsawon, na naɗa shi a katako yadda nake yi kullum, da irin jan da nake yi, na lanƙwasa kusurwoyi. Na sa a durom ya gasu, na fitar ya huce, na sake mayarwa, don moto haka yake rayuwa, ya yi zafi da rana ya huce da dare. Ta ce in tsaya. Ta tambaya ko ina da ragowar tsohuwar wayar da na saba. Na lalubo wani ɗan guntun ƙulli a ƙasan akwati. Ta ce, "Ita ma ka yi mata duk abin da ka yi wa wannan, da hannun nan naka. In duka biyun suka yi kumfa, laifinka ne."

Sai da yamma muka tsoma su. Tsohuwar ta kwanta shiru. Sabuwar kuwa, kafin in saki hannuna, kumfa ta fara tashi a kowace kusurwa, ƙanana, a jere kamar an zare carbi. Rigar ba ta jure lanƙwasa da zafi. Tsagar ba ta ganuwa da ido. Da rani busasshiyar iska ce a cikinta, shi ya sa mega ba ta kama ta ba. Da danshi ya shiga, hanya ta buɗe.

Ranar da mai unguwa ya tara mu a ƙofar gidansa, na zo da robata da batira. Malam Hudu ya zo daga Jahun. Malama Binta ta zo ta tsaya daga gefe. An kira Alhaji Uba, ya zo yana ta cewa shi bai san dalilin kiransa ba. Na fara haɗa kaya, sai Alhaji Sule ya ce, "Tsaya. Wannan ruwan daga ina? Me aka zuba a ciki?"

Na ce gishiri ne.

Ya ce, "Gishirin wa?"

Ya sa aka zubar. Ya aika aka ɗebo ruwa daga cikin gidan mai unguwa, ya sayo gishiri da kansa a kan tebur ɗin da ke tsallaken titi, har ya ɗanɗana. Sannan ya ce wayar da na zo da ita ma bai yarda da ita ba, wa ya san abin da na yi mata a shago. Ya hau bayan babur ɗin Alhaji Uba suka je shagonsa, ya zaɓo ƙullin da ba a taɓa buɗewa ba. A gabansa na naɗa, shi ya riƙe katakon. Tunda babu durom, a kan murfin tukunya bisa garwashin mai shayi muka gasa, ita da tsohuwar tare. Shi ya tsoma su da hannunsa.

Kumfa ta taso daga sabuwar. Alhaji Sule ya durƙusa har gemunsa ya kusa taɓa ruwan. Ya ciro wayar, ya duba, ya mayar, ta sake yi. Ya miƙe ya juya wurin Alhaji Uba.

Alhaji Uba ya ce, "Wallahi ni ma haka aka sayar mini. Na ga kwali mai kyau, na ga hatimi. Ni ina na san wani ruwan gishiri?"

Mai unguwa ya tambayi Malama Binta ko mai sayarwa zai iya ganewa da ido. Ta ce a'a, ita ma da ta gwada ta a miƙe ba ta ga komai ba. Malam Hudu ya ce tunda an gano, abin da ya fi shi ne a san ko wane ne kuma ya sayi wayar. A nan aka gane ba ni kaɗai ba ne. Shi abokin sana'ar da nake zargi, ashe injina uku sun dawo masa, ya yi shiru yana gyarawa a ɓoye yana barin sunana ya ɗauki dukan.

Ina tattara kayana wani abu ya faɗo mini a rai. A ranin nan Alhaji Uba ya kawo mini injin ruwan gidansa, kuma ya zo da wayarsa daga gida, ta tsohon samfuri, ya ce ragowa ce ya samu a sito, kada ta lalace a banza. Injin nan har yau yana aiki. Wataƙila gaskiya ce ragowa ce. Wataƙila kuma wani a Kano ya raɗa masa wani abu. Na buɗe baki zan faɗa a gaban mutane, sai na tuna yadda ake ji in an nuna mutum da abin da ba a tabbatar ba. Na rufe.

Sauran shekarar a gyara ta ƙare. Duk abin da na naɗa da wayar nan na warware na sake, ban karɓi ladan hannu ba. Alhaji Uba ya kawo waya mai kyau ta wani ɓangare na aikin, ya ce iyakar ƙarfinsa ke nan. Sauran sai da na sayar da geron da na noma da babur ɗina. Na Jahun na fara yi, na kai da kaina a motar haya, na kafa ƙarfe a ƙasa na haɗa da jikin injin yadda ko wuta ta tsiyaya ƙasa za ta sha. Malam Hudu ya kira jikar tasa, hannunta a naɗe da bandeji, ya ce ta buɗe famfon. Ta ƙi. Sai na cire takalmi na tsaya a jiƙaƙƙen siminti na kama bututun da hannu biyu, na yi alwala a wurin. Sannan ta matso.

Alhaji Sule bai ba ni haƙuri ba. Ran da ya zo ɗaukar motonsa ya ce, "Ai da ma ni ban ce kai ɓarawo ba ne." Na ce haka ne, Alhaji. Ya duba zanen ƙusarsa a murfi, ya ga yana nan, ya sa aka loda. Wasu masu kawo aiki sun dawo da kaka. Wasu ba su dawo ba har yau, kuma in ka tambaye su, abin da suka riƙe shi ne Isyaku ya taɓa ƙona injinan mutane. Ƙarshen labarin bai kai kunnensu ba.

Malama Binta takan aiko ɗalibanta su ga yadda allurar mega ke hawa. Na tambaye ta ko ta gama auna igiyar. Ta ce ba aikin da ake gamawa ba ne. Ban san ko na yarda da awakin nata ba, amma ban taɓa kama ta da ƙarya ba.

Har gobe a wurin Alhaji Uba nake sayen waya. Ina zuwa sunan jikokinsa, yana zuwa na nawa. Amma duk ƙullin da ya kawo, kafin ya sauka daga babur na jawo robar gishiri. In yanko, in naɗa, in gasa, in tsoma, yana zaune. Kwanaki ya ce mini, "Haba Malam Isyaku. Shekara nawa yanzu? Har yau ba ka yarda da ni ba?"

Na ce, "Alhaji, kai na san ka. Wayar ce yau muka fara haɗuwa."

Ya yi tsaki ya ce shi yana da abin yi, ya tashi ya kama hannun babur. Amma bai tayar ba. Na lura bai taɓa tafiya ba sai ya dawo ya leƙa cikin robar, ya ga ruwan ya tsaya cik, sannan ya sauke numfashi ya ce a gaida gida.